YAƘI DA SAURO DA ABIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a garin Lambata, Ƙaramar Hukumar Gurara, Jihar Neja



Da farko ina miƙa godiya saboda yadda kuka baro gonakinku da rumfunanku kuka halarci wannan taro. Abin da ya tara mu yau ba baƙo ba ne ga kowa. Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa kwana yana marin kunnensa saboda kukan sauro ba, da wuya kuma a sami gidan da ba a taɓa saɓa yaro a kafaɗa cikin dare an nufi asibiti da shi ba, jikinsa ya yi zafi rau. Duk inda aka tayar da wannan magana, tambaya ɗaya ce jama'a suka fi yi: maganin feshi ya yi tsada, shin ganyayen da iyayenmu ke turarawa suna da wani amfani kuwa? Amsa ita ce lalle suna da amfani, amma kowanne yana da wurin da yake aiki, yana kuma da iyakar da ba ya wucewa. Wannan wuri da wannan iyaka su ne nake so mu fahimta kafin mu watse.

Sanin Abokin Gaba

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 kimanin mutum miliyan 263 suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kusan 597,000 kuwa suka riga mu gidan gaskiya. Nijeriya kaɗai ta ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu, da kusan kashi uku cikin goma na waɗanda suka rasu. Yawancin mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

A dā akan ɗora laifin wannan zazzaɓi a kan ɗanyar masara, ko mangwaro, ko dukan ruwan sama. Dalili kuwa shi ne lokacinsu yakan zo kusa da lokacin sauro. Sai a ranar 20 ga Agusta, 1897, wani likitan sojan Ingila mai suna Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya feɗe cikin macen sauro ya ga ƙwayar cutar a ciki da madubin likita. Tun daga ranar aka san mai laifi.

Sauron da ya shafe mu iri uku ne. Na farko shi ne Anofilis, wanda ke yaɗa zazzaɓi, a karkara kuma yakan yaɗa tundurmi da gwaiwa. Ya fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba, in ya sauka a bango sai ka ga ya ɗaga bayansa sama. Na biyu shi ne Edis, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana, shi ne ke kawo shawara, wadda ta sake ɓulla a ƙasar nan a Jihar Kwara cikin shekarar 2017. Na uku shi ne Kuleks, ɗan kwata da masai, wanda ya fi su duka damun mutane da kuka. A cikinsu duka mace ce ke cizo, domin da jini take raya ƙwanta. Namiji ruwan fure yake sha.

Abin da Tarihi ya Koya Mana

Wani zai ce, me ya hana hukuma ta feshe ƙasar gaba ɗaya kowa ya huta? An gwada, kuma a ƙasarmu aka gwada. A shekarar 1954 aka fara wani babban aikin feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi. Ba a cika shekara biyu ba masana suka tarar sauron ƙauyen Ambursa ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan da ake fesawa, mai suna diyaldirin. Waɗanda magani bai kashe ba su suka hayayyafa, 'ya'yansu kuma suka gaji taurin.

Har ila yau, daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar da wani bincike a gundumar Garki, ba Garkin Abuja ba, ta tsohuwar Jihar Kano, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. An fesa ɗakuna damina biyu, an kuma raba magani ga mutanen wasu ƙauyuka. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma da aka dakatar da aikin sai ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake ficewa, don haka feshi bai same shi ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Makami ɗaya ba ya cin wannan yaƙi. Sai an tari sauro ta ko'ina, kuma sai an tare shi a inda ba shi da hanyar gudu.

A Cikin Ruwa ake Cin Galabar Sauro

Sauro ba daga ciyawa yake fitowa ba, ɓuya kawai yake yi a cikinta. Daga ruwa yake fitowa. Macen takan saka ƙwai a kan ruwan da ke kwance, cikin kwana biyu ko uku su ƙyanƙyashe su zama 'yan tsutsotsin nan da muke gani suna wutsil-wutsil a cikin kasko. A lokacin zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu tsutsa ta zama sauro mai fiffike. Muddin tana cikin ruwa ba ta tashi, ba ta cizo, ba ta da inda za ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai mu lura, Anofilis ba ya son ruwa mai wari. Ya fi son ɗan ƙaramin ruwa mai haske wanda rana ke duka: sawun shanu a bakin fadama, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gurbin tayar mota a kan hanya, kwarin kunyar shinkafa. Gari irin Lambata, wanda yake mararrabar hanyar Suleja zuwa Minna da wadda ta nufi Lapai da Bida, manyan motoci ba sa yankewa a cikinsa. Duk gurbin da taya ta bari a gefen titi da damina, gidan haihuwa ne ga Anofilis. Duk tsohuwar tayar da aka jefar bayan rumfar mai faci kuwa, gidan haihuwa ce ga Edis, wanda ƙwansa kan yi watanni a bushe yana jiran ruwan farko.

Bin ƙwaro har cikin ruwa ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tsakanin 1955 da 1960, lokacin da Suleja take amsa sunan Abuja, an yi wani aiki na yaƙi da ɗan ƙaramin baƙin ƙudan nan mai jawo makanta ga mazauna bakin kogi, ta hanyar zuba maganin DDT a kogunan yankin don kashe tsutsarsa. Dabarar daidai ce, amma yau an san irin wannan magani yana daɗewa a ƙasa da ruwa, ba a kuma yarda a zuba shi a kogi ba. Abin da ake nema shi ne wanda zai kashe tsutsa ya kuma ruɓe ya ɓace. A nan ne bishiyar da ke ƙofar gidanmu ta shigo.

Darbejiya

Wasu na kiranta dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Asalinta daga ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, an kuma fara dasa ta a Lardin Borno cikin 1928. Yau da wuya ka sami kasuwa ko makaranta a Arewa da babu inuwarta. A 1959 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya ga fara ta sauka a ƙasar Sudan ta cinye ganyen itatuwa, amma ta bar darbejiya. Wannan ya jawo hankalin masana, har a 1968 aka tace sinadarin da ke yin wannan aiki a ƙasar Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ba a ganye ba.

Yadda yake aiki abin lura ne. Tsutsar sauro sai ta yi saɓa sau huɗu kafin ta kai ga yin fiffike. Wannan sinadari yana hana ta ci, yana kuma rikita saɓar, sai ta mutu a hanya. Saboda haka ba ya kisa nan take kamar maganin kanti. Wanda ya zuba da safe ya dawo da yamma ya ga tsutsa tana motsi, kada ya ce bai yi aiki ba.

An gwada wannan a ƙauye irin namu. A Banizumbu, gabas da birnin Yamai a Jumhuriyar Nijar, cikin daminar 2007, an riƙa daka busassun 'ya'yan darbejiya ana barbaɗawa a kududdufan da sauro ke haihuwa sau biyu a mako. Da aka ƙidaya, sai aka ga matan Anofilis sun ragu da kashi 49 cikin 100 in an kwatanta da na 2005 da 2006, alhali a ƙauyen da aka bari don kwatanci ba a ga canji ba. Kusan rabi ke nan, ba duka ba. Mu kuma tuna ruwan samanmu ya fi nasu yawa nesa ba kusa ba, damina a nan takan kai wata shida ko fiye, kududdufanmu kuma sun fi nasu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashe tsutsa ya fi tasiri a inda wuraren haihuwar ba su da yawa, suna wuri ɗaya, ana kuma iya gano su. A wurinmu wannan ya fi dacewa da cikin gari, da kuma lokacin kaka da rani, sa'ad da ruwa ya janye ya bar 'yan ramuka ƙidayayyu.

Ga yadda ake yi:

1. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a cire ɓawon da naman, a wanke ƙwallon.
2. A shanya a inuwa har ya bushe sarai, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A ajiye a buhun da iska ke shiga, kada ya yi fumfuna.
3. A daka gwargwadon abin da za a yi amfani da shi a ranar. A keɓe masa turminsa, domin ɗacinsa ba ya fita da sauri.
4. A barbaɗa garin sama-sama ya game fuskar ruwan, musamman gefe-gefe inda tsutsa ke taruwa.
5. A maimaita sau biyu a mako, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi.
6. A riƙa ɗibar ruwan da farin kwano ana dubawa. In har yanzu ana ganin manyan tsutsotsi bayan mako guda, a ƙara yawan garin.

Kada a zuba shi a rijiya, ko randa, ko tafkin kiwon kifi, ko rafi mai gudu. Kuma ramin da za a iya cikewa da ƙasa, a cike shi, wanda za a iya yi wa hanya ruwan ya wuce, a yi masa. Shebur ya riga turmi. Darbejiya ta ramin da ya gagari cikewa ce.

Akwai wasu mataimaka biyu. Kifin karfasa yana cin tsutsar sauro, don haka mai tafkin kifi kada ya bar shi da ruwa babu kifi a ciki. Akwai kuma wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da aka gano a 1976, wadda ake kira Bti, tana kashe tsutsar sauro ba tare da ta taɓa mutum ko dabba ko kifi ba. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, shugabannin gari suna iya neman bayaninsa a sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma. Amma magimfa da 'ya'yan aduwa, ko da yake suna kashe tsutsa, suna kashe kifi ma. Kada wani ya zuba su a Gurara ko wani rafi da sunan yaƙi da sauro.

Hayaƙi da Man Shafawa

Yanzu sai mu komo kan tambayar da muka fara da ita. Kakanninmu ba su jira kowa ba kafin su lura da tsirran da sauro ke gudu. Akwai wata ciyawa mai ƙarfin wari da suka raɗa wa suna sarakuwar sauro, domin in ya ji ta sai ya kauce hanya kamar yadda mai kunya ke kauce wa surukarsa. Dokta Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Arewa, ya sa wannan suna a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Akwai ɗoɗɗoya, akwai bunsurun fadama, akwai ɓawo da ƙaron maje, itacen da yake da yawa a dazukan Jihar Neja, akwai ganyen darbejiya da na itacen turare, akwai kuma ɓawon lemo.

Bincike ya gaskata wani abu daga cikin wannan sani. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Gini Bisau, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1999, turara ɓawon maje da wasu ganyaye masu ƙamshi ya rage sauron da ke shiga ɗaki da fiye da rabi. Man da ake tacewa daga wani irin itacen turare mai ƙamshin lemo kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ta amince da su don korar sauro tun 2005, sai dai ba a shafa wa yaron da bai kai shekara uku ba.

To, ina iyakar? Ƙamshi yana bin iska. Hayaƙin da aka yi da magariba ya watse kafin tsakar dare, man ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake dafa shayi da ita kuwa da wuya ya wuce sa'a ɗaya ko biyu a jiki. Sa'ad da hayaƙi ya ƙare, kowa ya yi barci, a sa'an nan ne Anofilis ke fitowa aiki. Shi ya sa har yanzu ba a sami tabbatacciyar shaidar cewa hayaƙi shi kaɗai yana hana zazzaɓi ba. Wurinsa shi ne hirar tsakar gida, da karatun dare, da zaman rumfa, tun daga magariba har lokacin shiga ɗaki.

In za a turara ɗaki, a yi tun kafin lokacin kwanciya, ba kowa a ciki, sa'an nan a fitar da kaskon a buɗe taga hayaƙin ya fita. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. Kada a bar jariri ko mai ciwon asma cikin hayaƙi. Man darbejiya kuma kada a ɗura wa yaro, yana iya jawo masa suma da taune-taune. Sai kuma fiya-fiya, wanda ake sayarwa a 'yan kwalabe marasa suna. Wannan ba maganin gargajiya ba ne, gubar ƙwarin gona ce, bai kamata ta shiga ɗakin kwana ba.

Gidan Sauro da Asibiti

Kada a ɗauka akwai gaba tsakanin maganin itace da na asibiti. Maganin da ake sa wa gidan sauro, an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani farin fure da ake nomawa a Kenya da Tanzaniya da Ruwanda. Kwinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka samo shi. Maganin zazzaɓin da ake bayarwa yau a asibiti tushensa wani tsiro ne ɗan uwan tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta tace a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Bambancin shi ne na asibiti an tace shi, an auna shi, an san yawan da zai warkar. Dafaffen ganye ba a san ƙarfinsa ba, yana iya kwantar da zafin jiki ƙwayar cutar tana nan tana cin jini.

Saboda haka duk abin da muka ambata yau taimako ne ga gidan sauro, ba madadinsa ba. Ko inda sauro ya fara taurin kai ga magani, ragar da ba ta da huda katanga ce tsakaninsa da yaro. Kowa ya kwana a ciki kowane dare, da damina da rani, musamman yara da masu juna biyu. Ba shingen lambu ba ne, ba kuma komar kamun kifi ba ce. Wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana biyu ana jira. Mai juna biyu ta riƙa zuwa awo don ta karɓi maganin rigakafi. Yaro in ya cika wata tara a kai shi allurar shawara. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ma an fara bayar da ita a ƙasar nan cikin Disamba 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Kira ga Jama'a

Sauro bai san katanga ba. In ka tsabtace gidanka maƙwabcinka ya bar kududdufi, tare za ku sha cizo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawanmu suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa. Yanzu ya kamata kowane magidanci ya zama duba-garin gidansa.

Muna roƙon iyayenmu masu unguwanni su keɓe rana ɗaya a mako don aikin gayya, a zagaya a san kowane rami da ke unguwa, a cike na cikewa, a yashe kwata. Masu faci da direbobi su huda tsofaffin tayoyi ko su tara su a ƙarƙashin rufi. Masu gini su mayar da ƙasa a ramin da suka haƙa. Iyayenmu mata su riƙa wanke randa da durom suna goge cikinsu sau ɗaya a mako, su kuma rufe su. Malaman makaranta su nuna wa ɗalibai tsutsar sauro a cikin farin kwano, su sa su tara 'ya'yan darbejiyar da ke zuba a filin makaranta, waɗanda a yanzu sharewa ake yi a ƙone.

Ranka ya daɗe, jama'a, wannan shi ne saƙon da muka zo da shi: shebur da darbejiya ga kududdufi, hayaƙi ga hirar magariba, gidan sauro ga dare, asibiti ga mai zazzaɓi. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai sami zuwa ba.